Kukan Hanji a Cikin Ƙirji

Matar da ta zama sanadin da na zauna na karanci wannan ciwo da kyau, wato hawan tumbi ko hanji zuwa ƙirji ta wata kafa da ake haihuwar mutum da ita, an kawo ta asibitinmu ne bayan sallar isha'i, kwana 18 da haihuwarta ta shida. Shekarunta ba su kai 40 ba. Mijinta da yayarta ne suka riƙo ta, tana numfashi sama-sama, ta dafe haƙarƙarinta na hagu, tana ta yunƙurin amai amma babu abin da ke fita sai yawu. A lokacin ina ƙaramin likita a sashen tiyata, kuma ni ne mai aikin dare. Na sa aka ɗauko hoton ƙirji, da na ɗaga shi a gaban fitila sai na ga rabin ƙirjin na hagu ya yi baƙi, alamar iska ta cika wurin, huhun ya takure can sama, zuciya kuma an ture ta zuwa dama. Duk wanda ya yi karatun likita ya san irin wannan hoto, kuma ya san abin da aka koya masa a kai: huhu ya huje, iska ta taru a ƙirji tana danne zuciya, maganinsa a huda tsakanin haƙarƙari a zura roba domin iskar ta fita. Na sa aka kawo kayan aiki, har na wanke hannu.

Allah da ikonsa, babban likitanmu bai riga ya tafi gida ba, wata tiyata ta tsare shi. Ya shigo ya karɓi hoton, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce da ni, "Likita, nuna mini layin shamakin hagu." Shamaki shi ne naman da ya raba ƙirji da ciki. Na duba layin ban gan shi ba. Ya ɗora abin sauraro a ƙirjin matar, ɗan ƙasa da hammata, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya miƙo mini ya ce in saurara. Maimakon shirun da ake ji idan iska ce ta cika ƙirji, sai na ji ƙululu irin wanda ake ji a ciki bayan an ci abinci. Na ce, "Ranka ya daɗe, kukan hanji ne." Ya ce, "To, mayar da robar ƙirji, a kawo mana ta hanci." Da ƙyar robar ta wuce, amma tana isa tumbi iska ta yi ta fitowa, ruwa mai yawa ya biyo baya, kuma cikin 'yan mintoci numfashin matar ya fara daidaita. Da aka sake ɗaukar hoto, sai ga robar ta gangara ta hanyar abinci har ƙasa, sannan ta lanƙwaso ta hau cikin ƙirjin hagu. Abin da na ɗauka iskar hujewar huhu ce, ashe tumbinta ne ya hau ƙirji ya kumbura. Da na huda wurin, tumbin zan fasa, abin da ke cikinsa ya malale a kan huhu, kuma irin wannan ruɓar ƙirji tana kashe mutum.

Washegari da na zauna da yayarta, labarin ya fito dalla-dalla. Tun tana budurwa take fama da ciwo a saman ciki idan ta ƙoshi, an ce olsa ce, ta sha magungunan olsa shekara da shekaru. A cikinta na huɗu numfashi ya riƙa yi mata wuya idan ta kwanta, aka ce nauyin ciki ne. Daga baya wani hoto ya nuna inuwa a ƙasan huhun hagu, aka ɗora ta a kan maganin tarin fuka na wata 6, duk da cewa gwajin majina bai nuna komai ba, ta shanye maganin inuwar tana nan yadda take. Naƙudar ƙarshe ta yi tsawo, ta yi nishi sosai, kuma daga nan ne abin da ya daɗe yana leƙawa ya shige gaba ɗaya.

Tsakanin ƙirji da ciki akwai wani faffaɗan nama mai siffar kifaffiyar ƙwarya. Duk wanda ya taɓa feɗe rago ran Babbar Sallah ya gan shi, shi ne jan tantanin nan da ake yankewa kafin a kai ga huhu da zuciya. A wannan rubutu shamaki zan riƙa kiransa, domin aikinsa ke nan, ya raba ɗakuna biyu, ko da yake shi ne kuma babban naman da ke jan numfashi: idan ya tsuke ya sauka ƙasa sai ƙirji ya buɗe iska ta shiga. Bahaushe ya san gwaiwa da ƙaba, ya san cewa hanji ne ke samun kafa ya zurara inda ba wurinsa ba. Wannan ma haka take, sai dai sama take hawa maimakon ƙasa, kuma babu kumburin da ido zai gani ko hannu ya taɓa, domin haƙarƙari sun rufe komai. Abin da ke ƙara mata ƙarfi shi ne ciki yana turawa, ƙirji kuma yana zuƙa a kowane jan numfashi, saboda haka duk abin da ya leƙa ta kafar ba ya saurin komawa.

Kafar kuwa tun daga cikin uwa take. Shamaki ba a dunƙule yake tsirowa ba, ɓangarori ne daban-daban suke tahowa su haɗu a farkon watannin ciki, kuma wurin da ke rufewa a ƙarshe shi ne kusurwar baya ta gefe, wajen mako na 8 zuwa na 10. Ɓangaren dama yana riga na hagu rufewa, ga kuma hanta zaune a ƙarƙashinsa kamar murfi, shi ya sa mafi yawan matsalar a hagu take. A daidai wannan lokaci ne hanjin ɗan tayi, wanda ya yi wani ɓangare na girmansa a cikin igiyar cibiya, yake komawa ciki. Idan ya tarar da ƙofa a buɗe sai ya zarce ƙirji, ya tare wurin da huhu zai girma. Ana samun haka ga kusan jariri 1 a cikin kowane 2,500 zuwa 4,000, kuma yawancinsu tun ranar haihuwa ake gane su, domin suna fitowa suna shiɗewa, cikinsu a lotse, huhunsu bai cika ba. Sai a 1946 ne likitan tiyatar yara Robert Gross na birnin Boston a Amurka ya ba da rahoton nasarar gyara wa jaririn da bai cika kwana ɗaya a duniya ba.

Waɗanda suke kai wa girma da ita su ne waɗanda kafarsu ƙarama ce, ko kuma saifa, ko hanta, ko kitsen da ke lulluɓe hanji ya toshe ta tun farko. Huhunsu ya girma lafiya, suka yi yarinta, suka yi noma, suka yi aure, ba wanda ya san da komai. Sai ranar da ciki ya sami matsi fiye da kima: juna biyu, naƙuda, teɓa, tari mai tsawo, taurin bayan gida na shekaru, ɗaukar kaya masu nauyi, ko wata faɗuwa da ba ta isa ta yaga lafiyayyen shamaki ba.

Iri biyu ne aka fi sani, kuma yana da kyau mai karatu ya san yadda ake rubuta sunayensu, tun da a takardar sakamakon hoto zai gan su. Ta farko ita ce ta Bochdalek, ana furta shi Bokdalek, sunan wani malamin ilimin sassan jiki na birnin Firag da ya bayyana ta a 1848. Ita ce ta kusurwar baya, ita ce ta matar da na ba da labari, kuma ita ce mafi yawa a jarirai. Ta biyu ita ce ta Morgagni, ana furta shi Morganyi, malami a jami'ar Paduwa ta Italiya wanda babban littafinsa na binciken gawarwaki ya fito a 1761. Ita kafarta a gaba take, bayan ƙarshen ƙashin ƙirji, kuma ba ta wuce ɗan kaso kaɗan na masu wannan lahani na haihuwa ba. Abin mamaki a kanta shi ne a dama ta fi fitowa, domin jakar da zuciya ke ciki ta tare gefen hagu. A wani nazari da aka buga a 2008 wanda ya tattara labarin manya 298 masu irin ta Morganyi, kashi 91 cikin 100 a dama take, kashi 62 mata ne, kuma matsakaicin shekarunsu 53. Wani nazarin na 2011 ya tattara manya 173 masu irin ta Bokdalek, ya sami matsakaicin shekaru 40, kashi 78 a hagu, kuma abin da ya fi kawo su asibiti shi ne ciwo, sai toshewar hanji da matsalar numfashi.

Akwai wani adadi da nake yawan faɗa wa ɗalibai. A 2001 likitocin hoto a Boston suka bi sakamakon hoton siti sikan na ciki, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki yanki-yanki, guda 13,138, suka sami mutum 22 masu kafar Bokdalek da ba a san da ita ba, wato kashi 0.17 cikin 100. Adadin ƙarami ne idan aka faɗe shi haka, amma ya kusa mutum 2 a cikin kowane 1,000 da aka ɗauka, kuma babban asibiti yana ganin dubban mutane a wata. Yawancin irin waɗannan ƙananan kafofi ɗan kitse kawai ke leƙawa ta cikinsu, ba za su taɓa damun mai su ba. Amma darasin da ke ciki shi ne ciwon da muke kira mai wuyar samu yana wucewa ta gabanmu fiye da yadda muke zato.

Wahalar ganewa tana zuwa ne daga cewa alamomin na kowa da kowa ne. Ciwon saman ciki bayan cin abinci, saurin ƙoshi, kumburi, amai jefi-jefi, ciwon ƙirji, haki idan an kwanta ko an ci an ƙoshi, tari, da sanyin haƙarƙari mai dawowa a gefe guda. Wani lokaci ciwon a kafaɗa ake jinsa, domin jijiyar da ke motsa shamaki daga wuya ta taso, tushensu ɗaya da jijiyoyin fatar kafaɗa. Kuma alamomin suna zuwa suna tafiya, saboda hanjin yana iya hawa ya sauka, har a ɗauki hoto yau a ga inuwa, a ɗauka bayan wata guda a ga ƙirji fes. Ban ga laifin likitan da ya fara tunanin tarin fuka ba idan ya ga inuwa a huhun mai tari, domin Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu wannan cuta a Afirka, kuma wanda ya ji ƙarar kofato a ƙauye jaki zai fara kawowa a ransa. Inda nake ganin muna gazawa shi ne mataki na gaba. Idan gwajin majina na GeneXpert bai nuna ƙwayar cuta ba, aka ba da magani aka gama, inuwar ba ta motsa ba, mai ciwon kuma yana cewa abin ya fi tsananta bayan ya ci tuwo, to wajibi ne a koma farko a sake tambaya. Huhu ba ruwansa da lokacin cin abinci. Ciwon ƙirjin da ke bin cin abinci yana nuni ne zuwa ƙasan shamaki.

A ƙaramin asibiti da ba shi da komai sai na'urar eksire, ana iya kai wa ga gaskiya da abubuwa masu araha. Na farko shi ne kunne: a saurari ƙirji a natse, a nemi kukan hanji. Na biyu shi ne a duba layin shamaki a hoto, wanda ya kamata ya fito siriri kamar baka a kowane gefe. Idan ya ɓace, ko aka ga kumfar iska da layin ruwa a samansa, ko aka ga zane-zanen babban hanji a inda huhu ya kamata ya kasance, sai a tsaya. Na uku shi ne hoto ta gefe, wanda mutane da yawa suke tsallakewa saboda kuɗi, alhali shi ne ke nuna ko abin a gaba yake bayan ƙashin ƙirji, wato Morganyi, ko a baya kusa da ƙashin baya, wato Bokdalek. Na huɗu shi ne robar hanci, wadda ke yin aiki biyu a lokaci guda, tana sauke tumbin da ya kumbura kuma tana nuna inda yake, musamman idan aka zuba ɗan ruwan da ke fitowa a hoto ta cikinta. Idan ana zargin tumbi ko hanji ya huje, mai narkewa a ruwa ake zubawa, ba farin ruwan hoton nan da ake kira bariyom ba. Amma hoton da ke yanke hukunci shi ne siti sikan, musamman idan an yanko hoton ta gaba da ta gefe, domin yana nuna kafar kanta, girmanta, abin da ya shige, da kuma ko jini yana isa ga hanjin. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, nan ne ake tura irin waɗannan marasa lafiya, kuma shawarata ga abokan aiki na ƙananan asibitoci ita ce a tura su da robar hanci a jikinsu tana zuba, kada a tura su da tumbi a cike.

Dole a bambanta wannan ciwo da wasu biyu da suke kama da shi. Akwai hawan tumbi ta ramin da hanyar abinci take bi, wanda ya yawaita ga tsofaffi kuma yake kawo ƙwannafi. Wannan da girma ake samunsa, gyaransa ma daban ne. Akwai kuma yagewar shamaki bayan hatsarin mota ko sukar wuƙa a ƙasan ƙirji, wadda takan ɓoye shekaru kafin ta bayyana, saboda haka duk wanda aka samu da hanji a ƙirji sai an tambaye shi tsohon hatsari, an kuma duba jikinsa a nemi tabo.

Haɗarin da ake gudu shi ne shaƙewa. Bakin kafar yana da ƙarfi, ba ya miƙewa, idan hanji ya shige ya kumbura sai bakin ya ɗaure shi, jini ya daina isa gare shi, ya mutu a cikin ƙirji. Tumbi kuma yakan murɗe a kan kansa. Tun 1904 likitan Jamus Borchardt ya bayyana alamomi uku na murɗewar tumbi: ciwo mai tsanani da kumburi a saman ciki, yunƙurin amai ba tare da fitar komai ba, da wahalar wucewar robar hanci. Matar nan ta zo da biyu daga ciki a fili, ta ukun ma da ƙyar muka tsallake ta, amma ni hankalina yana kan hoton, ban haɗa shi da yawun da take tofarwa ba. Bambancin da ke tsakanin tiyatar da aka shirya da wadda aka yi cikin dare a kan mataccen hanji babba ne ƙwarai, ta fuskar rayuwa da ta fuskar kuɗi. Shi ya sa ra'ayina shi ne duk babban da aka samu da wannan kafa yana da alamomi, ko aka ga tumbi ko hanji ko saifa sun shige, a gyara masa muddin jikinsa zai ɗauki tiyata. Ta Morganyi kuwa, yawancin likitoci suna ba da shawarar gyara ko da ba ta damun mai ita, domin babban hanji ne yake yawan shiga, kuma bakinta ƙunci ne da shi. Inda nake ja da baya shi ne dattijo mai ciwon zuciya da aka ga ɗan kitse ya leƙa ta kusurwar baya a hoton da aka ɗauka don wani abu daban. Shi bayani ya kamata a yi masa da iyalinsa, a faɗa musu alamomin haɗari, a bar shi.

Tiyatar tana farawa ne tun daga hannun likitan sa barci. Sai an sauke tumbi, an ƙara ruwa, an gyara gishirin jini, sannan a sa barci da sauri a zura robar numfashi ba tare da an daɗe ana hura iska ta abin rufe fuska ba, domin iskar da ta shiga tumbin da ke ƙirji ƙara danne huhu da zuciya take yi. Daga nan sai zaɓin hanya, ta ciki ko ta ƙirji. Masu bi ta ƙirji suna da hujja mai ƙarfi idan kafar a dama take kuma hanta ce ta hau, ko idan abin ya daɗe har ya manne da huhu, domin ta nan ake ganin mannewar a raba ta da ido. Amma a gaggawa, kuma a hagu, ni ta ciki na fi yarda da ita, saboda ta nan ne ake iya bin hanji daga farko har ƙarshe, a yanke wanda ya mutu a haɗa, a duba saifa, a kuma gane ko hanjin bai zauna daidai ba tun haihuwa, abin da yakan zo tare da irin ta Bokdalek. Idan ba gaggawa ba ce kuma akwai kayan aiki, tiyatar ƙananan huji da kyamara ta fi sauƙin jinya. Tun 1992 aka fara ba da rahoton gyaran Morganyi ta wannan hanya, yanzu kuma ita ce aka fi bi a manyan cibiyoyi. Abin lura a cikinta shi ne iskar da ake hura ciki da ita tana iya wucewa ƙirji ta kafar, saboda haka ba a cika matsinta ba, kuma mai sa barci yana sa ido a kan numfashi da bugun jini.

Matar nan ta ciki muka buɗe ta, kwana biyu bayan zuwanta, bayan an yi siti sikan kuma jikinta ya ɗan farfaɗo. Cikin kusan wayam muka same shi a gefen hagu. Tumbi, da wani dogon yanki na babban hanji, da kitsen da ke lulluɓe shi, da saifa, duk suna sama. Da muka fara jawowa sai muka ji kamar ana riƙe su daga ciki, kuma a nan na koyi wata dabara da ban manta ba: babban likita ya zura siririyar roba ta gefen kafar zuwa ƙirji, iska ta shiga, zuƙar ta saki, kayan suka fara gangarowa da ɗan ja kaɗan. Hanji aka fara saukewa, sannan tumbi, wanda ya yi jawur amma yana da rai, saifa kuma a ƙarshe, a tafin hannu, domin ita ce mai saurin fashewa, kuma jininta ba ya tsayawa da sauƙi. Ba mu sami jakar da ta lulluɓe kayan ba, haka kuwa yawancin irin ta Bokdalek take, saɓanin ta Morganyi da kusan kullum take da jaka.

Kafar ta kai faɗin tafin hannu ba tare da yatsu ba. Leɓenta na gaba yana da kauri, na baya kuwa da farko kamar babu shi, sai da aka tsaga tantanin da ke saman ƙoda aka warware shi, domin yakan naɗe ya ɓoye a wurin. Wannan mataki yana da muhimmanci, saboda wanda bai neme shi ba zai ɗauka kafar ta fi ƙarfin ɗinki. Muka ɗinke da zare mai ƙarfi wanda ba ya narkewa, ɗinki ɗaya-ɗaya, kuma a can kusurwa inda nama ya ƙare muka zagaya zaren da haƙarƙari. Ƙa'idar ita ce kada a ɗinke da ja, domin shamaki ba ya hutawa, yana motsi kusan sau 20,000 a kowace rana, kuma ɗinkin da aka ja da ƙarfi zai yaga naman. Idan leɓunan ba za su haɗu cikin sauƙi ba, wanda yawanci yake faruwa idan faɗin kafar ya wuce murabba'in santimita 20 zuwa 30, sai a toshe kafar da raga ta tiyata, irin mai santsi a gefen da ke kallon hanji don kada ta manne masa. Idan hanji ya fashe wurin ya gurɓata, ana guje wa ragar roba, domin ƙwayoyin cuta suna kama ta. Akwai kuma gargaɗin da ya shafi Morganyi musamman: ƙananan ƙusoshin da ake manna raga da su a tiyatar kyamara ba a harba su kusa da zuciya, domin an sami waɗanda ƙusar ta huda jakar zuciya jini ya taru ya danne ta. Tun da kafar Morganyi ba ta da leɓe a gaba, abin da ake yi shi ne a ɗauko leɓen baya da zare, a fito da zaren ta bangon ciki, a ƙulle a ƙarƙashin fata. Batun a cire jakar ko a bar ta har yanzu likitoci sun rabu a kai. Ni ina cirewa idan ta biyo hannu cikin sauƙi, idan ta manne da jakar zuciya in bar ta.

Matsalar da mutane ba sa zato tana zuwa ne wajen rufe ciki. Cikin da ya shekara da shekaru ba ya ɗauke da kayansa yakan tsuke, idan aka dawo da su aka rufe da ƙarfi sai matsi ya hau, ƙoda ta rage fitsari, numfashi ya yi wuya, sabon ɗinkin shamakin ma ya shiga haɗari. Ana auna wannan matsi ta robar fitsari, kuma idan ya wuce 20 a ma'aunin likita tare da gazawar wata gaɓa, dole a saki cikin. A irin wannan hali gara a bar cikin a buɗe na 'yan kwanaki, a rufe shi da tsabtatacciyar ledar ruwan ƙari da aka ɗinka a fata, dabarar da ake kira jakar Bogota, sunan babban birnin Kolombiya inda aka faro ta. Matar nan haihuwar da ta kusa halaka ta ita ce ta taimake ta a nan, domin bangon cikinta bai gama komawa ba, kayan suka sami wuri, muka rufe ba tare da ja ba.

Ta kwana biyu a ɗakin kulawa ta musamman. Huhun da ya daɗe a danne ba a so a buɗe shi da ƙarfi lokaci guda, domin yakan tara ruwa, saboda haka a hankali muka bar shi ya miƙe, da maganin ciwo isasshe don ta iya jan dogon numfashi ta yi tari, da zama a kujera tun rana ta biyu, da hura balan-balan sau da yawa a yini. A rana ta huɗu ta fara shan kunu. Kafin sallama na zauna da mijinta da yayarta, na ce wata biyu babu daka, babu jan guga a rijiya, babu ɗaukar itace ko tulu, kuma a kula kada bayan gida ya yi mata tauri. Yayar ta ce, "Likita, wannan ka bar mini, ni zan tare a gidan." Na kuma yi musu bayanin juna biyu, domin a nan ne wannan ciwo ya fi yin ɓarna. Mace mai kafar da ba a gyara ba, idan an gano tana da ciki, yawanci ana neman a gyara a watanni uku na tsakiya, idan kuma an makara sai a hana ta nishin naƙuda, a ciro jaririn ta tiyata. Wadda aka gyara wa tana iya sake haihuwa, amma ya kamata ta huta sosai tukuna, ta yi awo a babban asibiti, ta kuma haihu a can.

Bayan mako 6 ta dawo da jaririn a baya. Hoton ƙirji ya nuna huhun hagu ya cika wurinsa, zuciya ta koma mazauninta, layin shamaki ya fito, ko da yake ya ɗan fi na dama tsayi. Ta ce abin da ya fi ba ta mamaki shi ne yanzu tana cinye kwanon tuwo ta kwanta ba tare da haki ba, abin da tun tana yarinya ta ɗauka haka kowa yake ji. Mijin ya tambaye ni ko yaran za su gada. Na ce masa yawancin wannan lahani ba gado ba ne, na duba jaririn na saurari ƙirjinsa gefe biyu, na ce idan wani daga cikin yaran ya riƙa yawan sanyin haƙarƙari a gefe guda ko amai da haki bayan cin abinci, a kawo shi a ɗauki hoto. Sannan na karɓi katinta na rubuta da manyan baƙaƙe sunan ciwon, da gefen da yake, da ranar tiyata, da cewa ɗinki aka yi ba a sa raga ba, na ƙara da cewa idan ta zo da haki a fara zura robar hanci kafin a taɓa ƙirjinta. Na ce wa mijin, "Malam, wannan kati ya riƙa bin ta duk asibitin da za a kai ta, ko da awon ciki ne." Ya naɗe shi a leda ya sa a aljihun gaba na rigarsa.